Riƙon Ma'aikata A Lokacin Rani



Mu 'yan Wurno da Rabah da Goronyo mun san abin da kan faru bayan kaka: mai gona ya sallami ma'aikatansa, su tafi cin rani, damina ta faɗi ya rasa masu huɗa. Alhali kuwa tun 1984 aka kammala madatsar ruwa ta Goronyo a kan gulbin Rima, ga kuma fadamun albasa da tafarnuwa na Wurno.

Shawararmu ita ce a yanka wa kowa aikinsa na yini, ko kai taki gona, ko yashe hanyoyin ruwa, ko gyaran rumbu, sa'an nan a biya shi ladansa kafin magariba. Wanda aka riƙe da rani, shi ke tsayawa ranar shuka.