Yadda Kwamfuta Ke Gina Tsauni, Da Inda Take Tuntuɓe



Sau da yawa a kan nuna mana tsaunin da aka ƙera da kwamfuta, ga ƙanƙara a ƙololuwa, ga gajimare, amma ido ya ƙi amincewa. Abin da zan kare a wannan takarda shi ne, siffar tsauni sakamako ce ta abin da ruwa da zafi da nauyi suka yi masa a tsawon zamani, kuma mai zanen da bai kwaikwayi wannan aikin ba, ado ba zai rufa masa asiri ba.

A 1975 Benoit Mandelbrot, masanin lissafi a kamfanin IBM, ya raɗa wa wasu siffofi suna firaktal, wato waɗanda ko ka matso ko ka ja baya, ƙirarsu kusan ɗaya ce. Gefen tsauni na cikinsu. Loren Carpenter, ma'aikaci a kamfanin jiragen sama na Boeing, ya karanta littafin Mandelbrot, ya mayar da tunanin aiki. Dabararsa tana da sauƙi har ta ba da mamaki. Ka ɗauki alwatika guda, ka nemi tsakiyar kowane gefe, ka ɗaga ta ko ka saukar da ita gwargwadon lambar da ƙuri'a ta ba ka, ka haɗa ɗigogin uku. Alwatika ɗaya ta zama huɗu. Ka maimaita a kan kowace, kana rage girman motsin. A zagaye na goma sun haura miliyan ɗaya, ga tsauni ya tsaya. Da wannan ya yi fim na minti biyu, Vol Libre, ya nuna a taron masu zanen kwamfuta na SIGGRAPH a 1980. Kamfanin fina-finai na Lucasfilm suka ɗauke shi aiki, dabarar ta fito a fim ɗin Star Trek II a 1982. Shekara guda bayan haka Ken Perlin ya ƙirƙiro lissafin da ke samar da tudu da kwari masu laushin tashi, wanda ya ba shi lambar Oscar ta fasaha a 1997.

To, ina matsalar? Irin wannan tsauni bai san ruwa ba. In ka kifa shi, ƙololuwa ta koma kwari, da wuya wani ya gane, domin lissafin bai bambanta sama da ƙasa ba. Cike yake da ramuka marasa mafita. A tsaunin gaske kuwa kwaruruka suna haɗuwa, ƙarami ya zuba a babba har a kai kogi. Tsakuwar da ta ɓalle tana taruwa a gindi, kuma tsibinta ba ya wuce karkatar digiri talatin da 'yan kai, sai ya zube. Mai kallo bai san waɗannan ƙa'idoji da suna ba, amma tun yana yaro yake ganinsu.

Ken Musgrave, wanda ya yi aiki da Mandelbrot a Jami'ar Yale, shi da abokan aikinsa suka fitar da mafita a 1989: a gina tsaunin, sannan a sakar masa ruwa. A yau ana jefa ɗigon ruwa na lissafi dubbai bisa dubbai. Kowane yana bin gangare, inda yake gudu ya kwashi ƙasa, inda ya lafa ya ajiye. Manhajoji irin su World Machine da Gaea da Houdini duk suna da wannan zaizaya. A ganina, ita ce ta raba zanen yara da na manya a wannan fage.

Sai dai akwai tarko, musamman ga namu masu zanen. Abin da manhajojin ke bayarwa da zarar an buɗe su tsaunin Suwizalan ne ko na Himalaya, mai tsini da kaifi. Dubi Dutsen Zuma, ko Kufena a Zariya, ko Kwatarkwashi a Zamfara. Curi guda ne mai sulɓi, ya taso kai tsaye daga shimfiɗaɗɗen fili. Dutsen da ke kewaye da shi ya ruɓe a ƙarƙashin ƙasa, ruwa ya kwashe, mai taurin ya rage, yana kuma saluɓewa falle-falle kamar ɓawon albasa. Wanda ya sakar wa Zuma waccan zaizaya zai tsattsaga masa kwazazzabai da ba shi da su. Abin da ruwa ya bar masa shi ne baƙaƙen zirin da ke gangarowa a fuskarsa, kuma wannan aikin launi ne.

Duwatsun Riyom a Filato, masu hawa kan juna, sun fi wuya. Yawancin manhajojin suna ajiye ƙasa a taswirar tsayi, hoto mai launin toka inda fari ke nufin sama, baƙi ƙasa. Kowane ɗigo tsayi ɗaya gare shi, don haka babu kogo, babu dutsen da ya yi rumfa. Bayanan da kumbon Endeavour ya auno da na'urar rada a Fabrairun 2000, ana samunsu kyauta, amma ɗigo ɗaya yana wakiltar kimanin mita 30. Sun isa a zana jerin tsaunukan Mandara ko na Ayar daga nesa. Na kusa sai an zagaye dutsen da kyamara, an ɗauki hotuna masu yawa, manhaja ta haɗa siffarsa daga cikinsu.

Iska ma haka. Manhaja takan shafa wa tsauni mai nisa shuɗi, kuma daidai ne inda sarari yake garau. A hunturu ƙura ce ke tsakaninka da dutsen: launi ya koɗe zuwa fari-fari mai ɗan rawaya, inuwa ta yi laushi, gindin ya ɓace kafin ƙololuwa. Duk manhajar da na ambata, ko injin haske da ake haɗa ta da shi, tana barin mutum ya sauya kaurin hazo da launinsa. Wanda zai zana Kufena a watan Janairu, daga nan ya kamata ya fara, kafin ya taɓa dutsen.