Zaɓen Lakwal a Unguwannin Zinder

A Zinder, kamar sauran biranen Nijar, karatun firamare shekara 6 ne, daga ajin CI zuwa CM2, kuma galibi yaro na shiga lakwal ɗin da ta fi kusa da gidansu. Iyaye a tsofaffin unguwanni irin su Birni, inda fadar Sarkin Damagaram take, da Zango, sun daɗe da sabawa da makarantunsu. Sau da yawa uba da ɗa lakwal guda suka yi.

Matsalar zaɓen lakwal ta fi tsanani a sababbin unguwannin bakin gari. Jama'a na ƙaruwa fiye da ginin azuzuwa, sai a kafa ajin zana. Tun bayan gobarar da ta halaka yara a irin waɗannan azuzuwa a Maraɗi cikin Nuwamban 2021, iyaye da yawa sun gwammace ɗansu ya yi doguwar tafiya in dai ajin na siminti ne. Shi ya sa idan aka buɗe sabuwar makaranta aka ce a maido yaran unguwa cikinta, ba kowa ke murna ba, kuma uzurinsu abin dubawa ne.

Nau'in karatu ma na raba ra'ayi. Wasu na neman makarantar Faransanci da Larabci saboda addini, masu hali kuma na biyan kuɗin ta masu zaman kansu. Akwai kuma makarantu masu koyarwa da Hausa da Faransanci, tsarin da aka fara gwadawa a Zinder a 1973.