Hutun Tsibiri: Abin da Hoton Waya Ba Ya Nunawa

Gaisuwa ga mutanen Mashi da kewaye, Majigiri, Doguru da Tamilo, da ku matafiya da ke jin mu a mota kan titin Katsina zuwa Daura.

Yau zancen hutu za mu yi, hutu a tsibiri, can tsakiyar teku. Hotunan farin rairayi da ruwa garai-garai sun cika wayoyinmu, kuma sun fara jan hankalin namu: ango mai son fita da amaryarsa, ma'aikacin da ya samu hutun mako guda, ɗan kasuwar da ya shekara bai rufe shago ba. Na san wani zai ce ana fama da tsadar hatsi, wa ke ta tsibiri? Gaskiya ne, tafiyar ba ta kowa ba ce. Amma wanda ya tara kuɗinsa da gumi ya cancanci a gaya masa gaskiya kafin ya kashe su.

Malam, kafin ka dubi kyan ɗaki, lissafa hanya tukuna. Daga Mashi sai ka shiga mota zuwa Kano, ka hau jirgi a filin Malam Aminu Kano, ka sauka Adis Ababa ko Doha, ka jira wani jirgin. In hutunka na kwana biyar ne, biyu sun tafi a zuwa da dawowa. A ƙasar Maldives, mai tsibirai fiye da 1,000, sauka a filin jirgin da ke kusa da Male ba shi ne isowa ba. Akwai masaukan da sai an ƙara da jirgin ruwa, wasu kuma sai da ƙaramin jirgin sama mai sauka a kan ruwa, wanda ba ya tashi sai da rana. In ka iso da dare, kwana ya kama ka a wani otal ɗin da ba ka sa a lissafi ba. Don haka mai gajeren hutu ya nemi masaukin da ke kusa da filin jirgi, ya kuma tambaya ko kuɗin ɗaukarsa yana cikin kuɗin ɗaki.

Ni dai in za a bi shawarata, Bahaushen da zai fara irin wannan tafiya ya fara duba Zanzibar ta ƙasar Tanzaniya. Mafi yawan mutanenta Musulmi ne. Za ka ji kiran salla, ba za ka sha wahalar neman abincin halal ba, Hajiya kuma za ta yi yawo da hijabinta ba mai kallon ta. Tsohon garin da ake kira Stone Town, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000, yana da lunguna da ƙofofin katako masu zane da za su cika maka yini guda. Kanumfarin da muke sawa a kunu da fura, wannan yanki ya daɗe da yin suna wajen nomansa.

Sai dai tsibiri ɗaya ne, hali daban-daban. A arewa, wajen Nungwi da Kendwa, nan ne cunkoson baƙi, da kiɗa har tsakar dare. Mai neman shiru ya nufi gabas, wajen Matemwe ko Jambiani, ƙauyukan masunta. A can ma akwai abin da hoto ba ya nunawa: teku na janyewa sau biyu a yini, ya yi nisa ƙwarai, ya bar fili inda mata ke noman ciyawar ruwa. Wani wannan ne zai burge shi, wani kuma zai ce an cuce shi. Ka san wanne ne kai kafin ka biya. Ka rubuta wa masaukin ka tambaye su kai tsaye: akwai gidan rawa kusa? Ana gini a maƙwabta? Ɗakuna nawa gare ku? Masauki mai ɗakuna ashirin da mai ɗari uku ba za su yi shiru iri ɗaya ba.

Maldives ma ƙasar Musulmi ce. Tun 2009 aka ba mazauna tsibirai irin su Maafushi damar buɗe ƙananan gidajen baƙi, kuma a tsibiran da jama'a ke zaune ba a sayar da giya. Waɗannan gidajen baƙin sun fi manyan masaukan alfarma araha nesa ba kusa ba.

Lokaci kuma fa? Mu nan watan Afrilu bazara ce, zafi kamar ya tsaga ƙasa, sai mutum ya ji yana son gudu bakin ruwa. To a Zanzibar daga Maris zuwa Mayu ne ake tafka ruwan sama mafi yawa. In ka ga farashi ya faɗi warwas a watannin nan, dalilin ke nan. Daga Yuni zuwa Oktoba ya fi dacewa. A Maldives kuwa daga Disamba zuwa Afrilu ne sama ke washewa.

Batun takardu, a yi hattara. Mai fasfon Najeriya ba ya karɓar bizar Tanzaniya a filin jirgi, sai ya nema tun daga gida, kuma takan ɗauki lokaci. Kada ka sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin ta fito. Tun Oktoban 2024 Zanzibar ta wajabta wa baƙi inshorar tafiya ta dala 44. Ka riƙe katin rigakafin zazzaɓin shawara. Kuma kada ka tura wa kowa kuɗi don ka ga shafinsa a Facebook ko Instagram cike da hotuna. Nemi kamfanin da ke da ofis da za ka iya takawa ka shiga.

Abin da ya fi damuna shi ne ruwan kansa. Yawancinmu a tudu muka tashi, iyakarmu kududdufi da rafin damina. Teku na da igiya mai jan mutum ciki ko da ruwan bai wuce ƙugunsa ba. Don Allah kada ka hau kwalekwale ba rigar kariya, kada ka shiga inda ba mai tsaro, kuma in da yara, idonka a kansu ko da yaushe.

Wanda aljihunsa bai kai can ba, Yankari tana nan a Jihar Bauchi, da ruwan ɗumin Wikki mai ɓulɓulowa daga ƙarƙashin dutse, ba biza ba dala. A Legas kuma akwai gaɓar Tarkwa Bay, wadda sai da jirgin ruwa ake isa, ga mai son ya fara sanin teku a gida. Ko ina za ka, ka binciki lafiyar hanya kafin ka tashi, ka yi tafiyar rana, ka sanar da iyali inda za ka sauka.

A nan za mu dakata. Allah ya kai kowa lafiya, ya dawo da shi lafiya. Wassalamu alaikum.