Abincin Mai Shan Maganin Gubar Dalma



A cikin watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar MSF, waɗanda suka shiga ƙauyukan Zamfara domin binciken sanƙarau, suka tarar da yara ƙanana suna mutuwa da farfaɗiya da amai, alhali kuwa maganin zazzaɓin cizon sauro bai yi musu kome ba. Da aka auna jininsu sai aka ga dalma ce. A 'Yargalma ta ƙasar Bukkuyum, da Dareta da Abare ta ƙasar Anka, mutane suna kawo dutsen zinariya cikin gida, suna niƙa shi da injin niƙan hatsi, mata suna dakawa a turmi, ana shanya garin a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Yara wajen 400 suka rasu. Bagega, wadda ta fi sauran girma, ba a kwashe gurɓatacciyar ƙasarta ba sai a 2013. A 2015 kuma irin wannan masifa ta auku a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja. Mutumin Faru, ko na Bakura ko Talata Mafara, ba zai ce wannan labarin nesa ne ba, domin kuwa ana haƙar zinariya a ƙasar Maradun, kuma samarin da suka tafi haƙa wani wuri sukan komo gida da ƙurar a tufafinsu.

Maganin da aka ba yawancin yaran nan sunansa DMSA, ana kuwa sha ne ta baki. Aikinsa shi ne ya damƙe dalmar da ke yawo cikin jini, kamar yadda ƙaguwa ke damƙe abu da faratanta, sa'an nan ƙoda ta fitar da su tare cikin fitsari. Galibi akan fara ba yaro idan dalmar ta kai maikirogiram 45 a kowace desilita ta jini, kuma zagaye guda na shan maganin yakan ɗauki kwana 19. Wanda cutar ta taɓa masa ƙwaƙwalwa akan yi masa allurar EDTA a asibiti. Abin da ba a cika faɗi ba shi ne, rabin aikin yana hannun mai girki.

Dalili kuwa shi ne, jiki ba ya iya rarrabe dalma da sinadaran da yake bukata. Hanyar da kalsiyam da sinadarin ƙarfe suke bi daga hanji zuwa jini, ita dalma take bi. Idan yaro ya rasa waɗannan a abincinsa, hanjinsa yakan ƙara himma wajen tsotsa, sai ya kwashi dalma a maimakonsu. Ko da ma can yaro yana tsotsar ninki huɗu ko biyar na abin da babba zai tsotsa daga ƙura iri ɗaya. Ciki marar kome kuwa ya fi kowane tsotsa. Saboda haka yaron da aka bari da yunwa tun asuba har hantsi, yana wasa a ƙasa yana sa hannu a baki, shi ne ya fi shiga hatsari. Gara a ba shi abinci kaɗan-kaɗan sau huɗu ko biyar a yini da a cika masa ciki sau biyu.

Game da kalsiyam, ƙasar nan ba matalauciya ba ce. Nono da kindirmo su ne kan gaba, ko da yake satar shanun da ta addabi Zamfara ta sa nono ya yi tsada a kasuwannin ƙauye. Inda ya gagara, akwai miyar kuka, wadda ake rainawa ana ce da ita miyar talaka, alhali garin kuka yana cikin ganyayen da suka fi kalsiyam. Akwai zogale da riɗi. Akwai kuma ƙananan kifi na tafkin Bakolori, in aka busar aka daka su da ƙayarsu aka zuba a miya, gama a ƙayar amfanin yake. Amma a kiyaye da wani tsohon zato, wai madara tana kashe dafin dalma. A masana'antun dalma na Ingila an daɗe ana raba wa ma'aikata madara a kan wannan zato, ba ta kuwa hana su kamuwa ba. Madara tana toshe giɓin da yunwa ta buɗe ne kawai, ba ta fitar da abin da ya riga ya shiga.

Maganar sinadarin ƙarfe ta fi wuya. Yaran da dalma ta kama yawancinsu suna da ƙarancin jini, domin dalma tana hana jiki haɗa jan jini, ga kuma zazzaɓi da tsutsar ciki. Hanta da nama da kifi su ne jiki ya fi saurin amfana da su. Wake da gero da alayyafo suna da shi, sai dai hanji ba ya samunsa da sauƙi in ba a haɗa da abu mai tsami ba, kamar lemun tsami, ko gwaba, ko garin 'ya'yan kuka da ake damawa a fura. Jiƙa gero a bar shi ya yi tsami, kamar yadda ake yin gasarar koko, yana sake sinadarin da ke ɗaure a ƙwayar. Shayi kuwa akasin haka yake yi, don haka kada a haɗa wa mai jinya shayi da abinci lokaci guda. Ƙwayar ƙarin jini ta kemis ba a ba da ita sai da izinin likita. Akwai wata tsohuwar allura, BAL, wadda aka ƙirƙiro a Ingila zamanin Yaƙin Duniya na Biyu. Idan ta gamu da ƙarfe a jiki sukan zama guba ga ƙoda. Cikin man gyaɗa ake narka ta, saboda haka wanda gyaɗa ke tayar wa da borin jini wajibi ne a gaya wa likita.

Maganin da kansa yana da nasa ɓarna. Ba dalma kaɗai yake damƙewa ba. EDTA musamman takan fitar da zinki, wanda yaro ke bukata don girma da warkewar miki. Nama, ƙwai, wake da gyaɗa suna mayar da shi. Ruwa kuwa dole ne a sha da yawa, tun da ta fitsari gubar take fita, amma ba na rijiyar da ake wanke dutse kusa da ita ba. DMSA yana da wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai, yara sukan tofar, wasu ya sa su tashin zuciya ko zawo. Akan buɗe kwanson a barbaɗa garin a ɗan kunu cokali ɗaya ko biyu, a tabbata yaro ya shanye. Uwar da ta zuba shi a kwano cike, yaro ya sha rabi ya bari, ta ba shi rabin magani ke nan.

Duk wannan ba ya amfani idan dalma tana shiga ta cikin abincin kansa. Turmin da aka taɓa daka dutse a ciki, da injin da aka niƙa shi, da buhun da aka ɗauko shi, ba su sāke dacewa da hatsi ba. Wannan ne ya sa likitoci a Anka da Bukkuyum ba su yarda a mai da yaro gidan da ba a kwashe ƙasarsa ba, gama magani a gurɓataccen gida zuba ruwa ne a kwando. Haka kuma kwallin da ake sa wa jarirai, da yawansa dutsen dalma ne, ya kamata a daina.

Saura mata masu ciki da masu shayarwa. Dalma takan kwanta cikin ƙashi shekara da shekaru. Sa'ad da mace ta ɗauki ciki, jikinta yakan ɗebo kalsiyam daga ƙashinta domin ɗan tayi, dalmar kuwa ta biyo shi. A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 an ce a ba irin waɗannan mata ƙarin kalsiyam idan abincinsu bai wadatar ba. Ba a yaye jariri don tsoro kawai. Sai an auna jinin uwa likita ya yanke shawara. Wannan dalmar ta ƙashi ita ce kuma take komowa cikin jini bayan an gama zagayen magani, shi ya sa ake sāke auna yaro bayan 'yan makonni, wasu kuma a sāke ba su magani sau da dama.