Jawabin Tunawa da Wani Tsohon Sojan Bama

 Marigayin da muka taru dominsa talaka ne na ƙasar Dambatta. A zamanin Sarki Abdullahi Bayero ya shiga soja, aka haye teku da shi cikin Runduna ta 82, wadda ta kori Japanawa daga Myohaung cikin Janairu 1945. Da aka sallame shi a 1946, bai zauna birni jiran aikin masinja ba. Ya komo gandun ubansa, ya kai taki bisa jaki, ya noma gero da gyaɗa, ya aurar da 'ya'yansa har ya ga jikoki. To, iyalinsa amana ce a wuyanmu, kada mu bari a cinye musu gona. Allah ya jiƙansa, amin.