Ƙwallon Unguwa Da Lafiyar Baƙo: Jawabi Ga 'Yan'uwa Mazauna Kudu

Ya ku dattawanmu, da shugabannin kasuwa, da samari 'yan'uwana mazauna Sabon Ibadan, da Agege, da Idi-Araba, da Shagamu, da sauran wuraren da neman abinci ya kai mu.

Na sani da yawa cikin manya, da sun ji an ambaci ƙwallo sai su ce shashancin yara ne. Ina roƙo a yi mini uzuri, mu dubi irin zaman da muke yi a nan tukuna. Mai kanti yana bisa benci tun hantsi har isha'i. Mai canji haka, mai gadi haka. Ɗan acaba kuwa yana wuni yawo, amma inji ne ke motsi, ba jikinsa ba. A gida, noma da tafiyar ƙasa su ke motsa mana jini ba da saninmu ba. A nan mun baro gona, amma ba mu baro tuwo da shayi mai zaƙi ba. Hawan jini da ciwon sukari kuwa ba sa yin sallama. Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin shawarar da ta fitar a 2020, ta ce babba yana bukatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, yaro kuwa minti 60 kowace rana. Watau wasa uku na minti 50 bayan la'asar sun biya wa magidanci bashin mako.

Amma ba gumin ne ya fi damuna ba. Ku tuna da yaron da ya sauko daga bayan tirela, ba uwa ba uba, yana kwana a rumfar kasuwa. In ya rame, wa zai lura? In ya fara haɗiyar Tiramol don ya jure dako, ko yana kwankwaɗar maganin tari mai kodin, wanda gwamnati ta hana yinsa da shigo da shi tun 2018, wa zai ja shi gefe? A ƙauye da ƙanin ubansa ya gani. A nan, in akwai kulob, kyaftin ne zai gani. Ɗan wasa ya yi fashi kwana biyu, lalle a je a duba shi, ko don ana neman mai tsaron gida. Wannan cigiyar ita ce babbar ribar kulob, kuma babu asibitin da ke sayar da ita.

Sai dai fa a yi hattara. Ranar 12 ga Agusta 1989, Sam Okwaraji ya faɗi a babban filin wasa na Surulere a nan Ikko, ana karawa da Angola, bai tashi ba. Shekarunsa 25, ƙwararren ɗan wasa, zuciya ce ta tsaya. To ina ga mai shekara 45 da tumbi, wanda rabonsa da gudu tun yana makarantar allo? Saboda haka kada a rubuta sunan kowa sai an auna jininsa. Wanda ya ji ƙirji ya riƙe, ko jiri, ya fita nan take, ba abin kunya ba ne. Dattawa kuma a ware musu nasu wasan, na tafiya ba gudu, kamar yadda tsofaffi ke yi a Ingila.

A buɗe asusu, kowa ya riƙa zuba ɗan abin da ya sawwaƙa kamar adashi, domin ruwan sha, da bandeji, da kuɗin asibitin wanda ya yi targaɗe ko karaya, tun da yawancinmu ranar da ba mu fita ba babu cefane. A guji rana tsaka. In azumi ya zo a mai da wasa bayan tarawihi.

Batun fili shi ne mai wuya, gama ƙasa ta yi tsada a biranen nan. Muna roƙon Sarakunan Hausawa su shige mana gaba wurin shugabannin makarantun firamare da ƙananan hukumomi, a ba mu aron fili ko da yamma biyu a mako. In an samu, a gayyaci maƙwabtanmu Yarbawa da Ibo wasan farko. Wassalam.