Kofin ƙwallo da amanar fatauci

Jawabin da aka gabatar a madadin dattawan ƙungiya a daren liyafar zagayowar ranar kafa ta



Ma'aji ya gama da lissafin kuɗi, sakatare kuma ya gama da maganar kwastan da duwan. Mu tsofaffi abin da aka bar mana shi ne abin da ya fi cinye mana dare a tashoshi da zanguna shekara da shekaru, wato gardamar ƙwallo. Ku yi mana haƙuri, akwai inda za mu da maganar.

Waɗanda suka yi fataucin goro a cikinmu sun san zangon Kumasi a 1978. A shekarar Ghana ta ci Uganda 2-0 a Accra, ta ɗauki kofin Afirka karo na uku, aka bar mata shi gaba ɗaya. Abdul Razak na Asante Kotoko ya zama gwarzon ɗan wasan Afirka, ga kuma Mohammed Polo na Hearts of Oak, wanda yanka ya zame masa kamar shan ruwa. Masu masaukinmu ba su bar mu mun sha iska ba. In muka buɗe baki sai su ɗauko labarin marigayi Baba Yara, wanda filin wasan Kumasi ke ɗauke da sunansa a yau, su ce mu kawo irinsa.

Bayan shekara biyu Allah ya share wa 'yan Najeriya hawaye. A watan Maris na 1980, a Legas, Green Eagles suka ci Aljeriya 3-0. Segun Odegbami ya zura biyu, Muda Lawal ɗaya, Christian Chukwu ya ɗaga kofi. Da yawanmu a rediyo muka ji, mun kewaye akwati ɗaya a gindin mota, mai batir yana ta faɗa kada a ƙure murya. Murnar ba ta daɗe ba, domin a 1982 Ghana ta sake ɗauka a Libiya, da wani yaro Abedi Pele a cikin tawaga.

'Yan'uwanmu na Garwa da Marwa, mun ga kuna murmushi, to ga taku. Sau uku kuka ci Najeriya a wasan ƙarshe: 1984 a Abidjan, 1988 a Casablanca, sai 2000 a Legas, har gida. Har gobe ba mu yarda cewa fenaritin Victor Ikpeba bai haye layi ba, ku kuma har gobe amsarku ita ce kofi yana Yawunde. Amma a 1990, da Roger Milla yake rawa a kusurwar fili a Italiya, duk tashar da muka sani ta zama Kamaru.

A 1994 aka ci Zambiya 2-1 a Tunis, Emmanuel Amunike ya zura duka biyun. A shekarar ce Rashidi Yekini, haifaffen Kaduna, ya ci wa Najeriya ƙwallonta ta farko a gasar duniya, ya kama raga yana kuka. A 1996 a Atlanta, da Daniel Amokachi da Tijjani Babangida da Garba Lawal, aka doke Brazil da Ajantina aka zo da zinare. 'Yan Maraɗi da Damagaram sun yi tsalle tare da mu. Da ranarsu ta zo a 2010, Mena ta ci Masar 1-0 a Yamai da ƙafar Moussa Maazou, ta kama hanyar zuwa kofin Afirka na farko a 2012, mu ma a Kano da Katsina muka taya su.

To ga inda za mu. Duk tsawon shekarun nan ƙasashenmu suna cin juna a fili, mu kuma muna cin tuwo a kwano ɗaya. Wanda aka ci yakan sha tsiya har asuba, amma gari na wayewa shi za a bai wa ajiyar kuɗi ya kai ƙetare, ba takarda ba shaida. A farkon 1983, lokacin da aka kori baƙi daga Najeriya, wasu abokan cinikinmu na Ghana sun tafi sun bar kaya a shaguna. Iyayengijinmu suka sayar, suka ƙulle kuɗin, suka aika wa kowa nasa har Kumasi. Da aka rufe iyaka a 1984 an ji jiki, amma ba mu ji wanda ya ce bashi ya faɗi saboda an sa shinge ba.

Yau fa? Tun rufe iyakar 2019, da wadda ta biyo baya a 2023, kunnuwanmu na jin abin da ba mu saba ji ba a cikin ƙungiyar nan. Ana cewa "mutanen can" da "mutanen nan". Akwai basussukan da suka kwana shekaru tsakanin rassa, mai bi yana Konni, wanda ake bi yana Illela, tafiyar da ɗan acaɓa ke yi kafin shayi ya huce. Ga zaɓen shugabanni na tafe, har an fara ƙirga ƙuri'a da launin fasfo. Wannan shi ke hana mu barci.

Samarinmu, ba mu hana ku Arsenal da Barcelona ba. Ku yi gardama har murya ta dushe, mu ma mun yi. Abin da muke roƙo uku ne. Wanda ake bi bashi a wani reshe ya je gaban kwamitin sulhu kafin taro na gaba, a tsara yadda zai biya. Ranar zaɓe a duba wanda za a iya bai wa ajiya, ko daga ina ya fito. Sannan a dawo da wasan sada zumunci tsakanin rassa da aka daina. Mu dattawa mun ɗauki nauyin sayen kofi, reshen da aka ci kuma shi zai yanka rago.

Da yawa cikin 'yan wasan da muka ambata sun riga mu gidan gaskiya, haka ma da yawa cikin waɗanda muka kewaye rediyo da su. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya buɗe mana hanyoyi, ya sa albarka a kasuwa, ya mayar da kowa gida lafiya.